Tayar da Na Sa wa Ƙarfe

A shekarun da bama-bamai suka addabi Kano ina gyaran keke a gindin wata darbejiya da ke ƙasan Goron Dutse, a bakin hanyar da ke miƙewa zuwa Ƙofar Kabuga. Kafin lokacin sana'ar ta kusa mutuwa, don kowa ya koma babur. Sai aka zo aka takura wa babura, aka hana su ɗaukar fasinja, aka ce da yamma kada a ga ko ɗaya a titi. Mutane suka shiga ɗakin shirgi suna zaƙulo tsofaffin kekunan iyayensu. 'Yan gwanjo kuma suka fara shigo da wasu kekuna na ƙasashen Turawa, marasa nauyi, masu lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, tayarsu siririya ba ta fi kaurin babban yatsa ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin lokacin. Gari yana cikin kuka ni ina samun aiki, kuma ban ji kunyar hakan ba sai daga baya.

Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Wanda ya tashi a cikin birni ya saba da ƙugin babura tun asuba, har ba ya jin sa. Da aka ɗauke shi sai kunne ya rasa abin yi. Daga inda nake zaune ina jin kukan shirwa a saman dutsen, ina jin guga tana dukan ruwa a rijiyar gidan da ke bayana, ina jin takun mutum tun bai ɓullo daga lungu ba. Majalisu sun watse. Idan baƙo ya ajiye leda a gefen hanya, sai ka ga wurin ya washe ba tare da wani ya ce wa wani komai ba. Ƙofar shago ta bugu da ƙarfi, tantabaru su tashi, mutane su tashi tare da su.

Mu masu faci muna da namu tsoron. Siririyar taya iska take sha sosai, sai ta yi tauri kamar ƙashi kafin a hau ta, idan kuwa ta fashe ƙararta ba ta da maraba da ta bindiga. Shi ya sa muka ɗauki wata al'ada. Kafin ka taɓa famfo, sai ka lulluɓe wilin da buhu, ka ɗaga murya ka ce, "Iska zan sa, jama'a!" Mai shayi ya ajiye buta, mai wucewa ya waiwayo ya ga abin da kake yi, sannan ka buga.

Sa irin wannan taya kuwa aikin haƙuri ne. Bakinta waya ce a ciki, ba ta miƙewa, kuma sabuwa takan zo kamar an yi ta don wilin da bai kai wannan girma ba. Sai ka shanya ta a rana ta yi laushi. Ka hura wa tiyub, wato robar ciki mai riƙe iska, 'yar iska kaɗan don kada ya naɗe. Ka shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ka bi ta zagaye kana matse ta cikin kwarin da ke tsakiyar wilin, don a nan take samun ɗan sarari. Komai yana tafiya daidai sai ka zo ƙarshe, inda za a rage kamar faɗin tafin hannu. Nan take tsayawa ta miƙe kamar tsirkiya. Wannan wurin da hannu ake gama shi, da tudun tafi da manyan yatsu, ko da fata za ta saɓule. Ƙarfen da muke ɓanɓare taya da shi na cirewa ne, ba na sawa ba. Idan ka cusa shi a nan yakan cije tiyub, ko ya tura shi ƙarƙashin bakin taya. Ba lallai ya fashe a gabanka ba. Sai ya jira an hau, rana ta gasa shi, ya kumbura ta wurin da aka matse shi. Na san wannan tun ina koyon aiki. Ba jahilci ne ya sa na yi abin da na yi ba.

Akwai wani malamin firamare da ke zaune a Sheshe, yana koyarwa a wata makaranta can bayan Ƙofar Kabuga. Ya jingine babur ɗinsa ya sayi irin wannan keken, kullum ta gabana yake wucewa da jaka a baya. Kakanninsa daga Barno suka zo, nawa kuwa da shanu suka shigo ƙasar Kano, don haka akwai wasan Barebari da Fulani a tsakaninmu. Bai taɓa wuce ni bai tsokane ni ba.

Wata safiya ya zo yana tura keken, sabuwar taya rataye a wuyansa. Ta gaba ta cinye har zare ya fito.

"Bawana, tashi ka yi wa ubangidanka aiki," in ji shi. "Na makara, ga layin shingen bincike yana jirana."

"Ka ga Babarbare da keken yara," na ce. "Ka rasa abin saya sai wannan? Tayar nan sai ta sha rana tukuna."

"Wace rana? Ɗalibai suna can suna cinye junansu. Ko dai ƙarfin ne babu? Na manta, fura da nono aka karya da su."

Mai shayin da ke kusa da ni ya tuntsire da dariya. Na cire tsohuwar, na fara sa sabuwar da sanyinta. Ta tafi har ƙarshe, ta tsaya. Na koma na bi ta zagaye, na matse, na dawo. Ta ƙi. Na ɗora wilin a cinya na murɗa da tudun tafi har babban yatsana ya tashi ƙululu, ƙululun ya fashe, ruwan sabulu ya shiga yana zugi. Malam yana tsaye a kaina yana duba agogo.

"A kira maka yaro ya taya ka?" ya ce. "Ko mu aika rugarku a turo ƙanwarka?"

Aka sake dariya. Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran da mutum ba ya iya nunawa don wasa ne. Daidai nan wani dattijo ya zo wucewa, Malam ya juya yana gaishe shi. Na zaro ƙarfen daga ƙarƙashin cinyata, na cusa, na danna. Tayar ta faɗa da ƙara ƙas. A hannuna na ji ƙarfen ya taɓa abu mai laushi. Abin da ya kamata in yi shi ne in bi bakin tayar ina leƙawa, in ga ko tiyub ya maƙale, idan ya maƙale in cire in sake daga farko. Ban leƙa ba, don na san abin da zan gani. Na lulluɓa buhu, na ce iska zan sa, na buga. Ta yi tauri, ba ta fashe ba. Na ce a raina Allah ya rufa asiri.

"Ashe kana da amfani," in ji Malam. Ya hau, ya tafi.

A shingen Ƙofar Kabuga, a lokacin, duk mai keke sauka yake yi tun daga nesa, ya shiga layi yana turawa, har ya wuce buhunan yashi da masu bindigar da ke bayansu. Ranar layin ya yi tsawo, rana ta fito da zafi. Ina wanke yatsana na ji ƙara ɗaya daga wajen yamma, siririya, busasshiya. A garin da ke da hayaniya ba zan ji ta ba. Kafin mai shayi ya ce innalillahi, wasu ƙararrakin suka biyo baya, masu nauyi, a jere. Mutane suka fara ɓullowa a guje, wasu ba takalmi. Kowa yana cewa an kai hari. Ni kuwa na zauna ban motsa ba, don ta farkon ba irin sauran ba ce, kuma shekara da shekaru ina jin irinta.

Da yamma labari ya daidaita. Ba wanda ya mutu. Wani abu ya fashe a cikin layi, masu tsaron shingen suka yi harbi, mutane suka tattake juna. Da ƙura ta lafa aka ga mutum ɗaya tsaye inda ƙarar ta fito, da jaka a baya. Malam ne. Aka jefa shi mota aka tafi da shi. Wasu suka ce taya ce. Wasu suka ce sun ga ya jefa wani abu. Ba wanda ya san inda aka kai shi.

Bayan 'yan kwanaki na fito da safe na tarar da keken jingine a jikin darbejiyata. Mai shayi ya riga ni fitowa, ya rantse bai ga wanda ya kawo shi ba. Har yau ban sani ba. Wataƙila wani ne ya tsince shi a gefen titi, ya san inda ake gyara shi, ya ajiye ya gudu. An jingine shi yadda Malam yake jinginewa, kai yana kallon hanya. Bakin tayar gaba ya fice daga wili, tiyub ya leƙo kamar harshe.

Na ja shi bayan bishiya na cire. Tsagar ta kai tsawon yatsa, daidai wurin da ƙarfena ya shiga, ga ma shatin ƙarfen a jikin wilin. Duk wanda ya san aikin, kallo ɗaya zai yi ya gane. Na ɗauko almakashi na yanka tiyub ɗin siri-siri, irin robar da ake ɗaure kaya da ita, na zuba cikin sauran. Kafin azahar wani mai itace ya ɗebi wasu ya tafi. Na sa sabon tiyub. Na shirya yin kokawa da tayar, amma da na zo ƙarshe sai ta shige da kanta, yatsa ɗaya na sa. Na san taya takan saki idan ta taɓa hawa wili. Duk da haka tsigar jikina ta tashi, na waiwaya, ba kowa sai inuwar bishiya.

Na tura keken har Sheshe na miƙa wa iyalinsa, tayoyinsa biyu cike da iska, ba abin da ya nuna ya taɓa fashewa. Har godiya aka yi min.

Mahaifin Malam tsohon alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa har idonsa ya yi rauni. Bayan kamar mako biyu ya zo wurina, mai unguwarsu yana riƙe da hannunsa. Na shimfiɗa musu buhu. Mai unguwa ya ce sun sami wanda ya san wani a wurin da ake tsare da Malam. An ce ba a sami komai a jakarsa ba sai littattafai, amma ba a yarda da maganar taya ba. Idan wanda ya gyara keken zai je ya yi bayani, ya nuna yadda irin wannan taya take fashewa, akwai fata.

A lokacin ana ta cewa wanda ya je neman wani ma ba ya dawowa. Ban san gaskiyar hakan ba. Na tuna matata da 'ya'yana. Na kuma tuna mai shayi yana nan yana jin mu, da duk masu kawo min kekuna.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ni sabuwar taya na sa, lafiya ƙalau ya bar nan. Ga keken can a gida, ku duba shi. Aikina ba ya fashewa."

Mai unguwa ya dube ni. "Ke nan ba taya ba ce?"

"Ni dai ban ce komai ba. Abin da na sani na faɗa."

Tsohon ya miƙe. Ya miƙo hannu don mu yi sallama, ya riƙe nawa, babban yatsansa yana shafa wurin da ƙululun ya warke.

"Hannun nan ya sha wuya," ya ce. "To, ɗana, mun gode. Allah ya bayyana gaskiya."

Na ce amin. Da bakina na ce.

Maganata ta zaga. Tunda mai gyara da kansa ya ce ba taya ba ce, to mece ce? Mutanen da suka san Malam tun yana yaro suka fara cewa ai dama shiru-shirun nan, ai dama ba a san cikin mutum. Aka rage shiga gidansu. Matan da ke aika yara karatu wurin matarsa suka janye su.

Ina da mai sayar min da kayan gyara a can cikin gari, hanyata takan bi ta ƙofar gidan. Wata rana da hantsi ina wucewa, lungun ba kowa, na ji ƙyas-ƙyas-ƙyas daga cikin zaure, ƙarar da wilin baya yake yi idan yana juyawa ba a taka feda. Na leƙa. An kifa keken a kan sirdinsa, tsohon yana zaune a gabansa cikin duhun zauren. Idan wilin ya tsaya sai ya miƙa hannu ya sake juya shi.

"Mai keke ne?" ya ce, ban yi sallama ba tukuna.

"Ni ne, Baba."

"Da wannan ƙarar nake sanin ya dawo. Yakan daina takawa tun daga bakin lungu." Wilin ya tsaya, ya sake juya shi. "Ni na koya masa karatu. Ina ta dubawa a raina ko akwai inda na yi sake."

Ba abin da ya fi sauƙi a lokacin irin in durƙusa in faɗa masa. Mu biyu ne kawai. Na ce masa a ci gaba da addu'a, na fita. Daga ranar na canza hanya. Amma ƙarar ta biyo ni. Duk keken da na kifa a wurin aiki na juya wilinsa, sai in sa hannu in tsayar da shi da sauri.

Tsohon ya rasu da damina. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Malam ya dawo bayan an yi girbi. Ba wanda ya fito da shi. Wata rana dai aka sauke shi a bakin titi tare da wasu, aka ce su tafi. Na ji labari, na ce gobe zan je, goben ta yi ta wucewa. Shi ya zo. Na ɗago kai na gan shi tsaye da keken, tayoyin sun sace saboda zama. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma yana karkata kai gefe ɗaya idan ana magana. Mai shayi ya gaishe shi daga nesa, bai matso ba.

Ya zauna a kan bencina. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya.

"Na ga lokacin da ka sa ƙarfen," ya ce, a hankali, kamar yana ba ni labarin wani. "Ina gaisawa da mutumin nan, amma na gani ta gefen ido. Ban san illarsa ba sai da ta fashe a hannuna."

Na ajiye abin da ke hannuna.

"Sun yi ta tambayata wa ya haɗa min keken, wa ya taɓa shi a ranar. Na ce ni nake gyara abina."

"Me ya sa, Malam?"

"Da na faɗa, da kai ma ka zo. Bafillace ba zai yi mako a can ba." Ya ɗan yi murmushin yaƙe. "Kuma na ce a raina, ai kana waje. Za ka faɗa musu taya ce."

Ashe bai sani ba. Mutanen gidansu ba su gaya masa ba, ko don kunya ko don tausayi. Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, yadda keken ya dawo, yadda na yanka tiyub ɗin, abin da na ce wa mahaifinsa a gaban mai unguwa. Da na gama sai ya juyo da ɗaya gefen fuskarsa.

"Wannan kunnen ya mutu," ya ce. "Dawo nan ka sake faɗa."

Na tashi na zagaya, na sake faɗa tun daga farko. Na biyun ya fi na farkon wuya, don yanzu ina jin kowace kalma.

Ya mai da ido wajen dutsen.

"Baba ya yarda da kai?"

"Ina jin ya yarda."

"Ke nan ya tafi bai san taya ce ba."

Na ce ya yafe min. Bai amsa wannan ba. Ya ce makarantar ta ƙi karɓarsa, iyayen yara sun ce ba su yarda ba. Ya ce a masallacin unguwarsu idan ya tsaya a sahu, sai a bar ɗan fili a gefensa.

"Gobe bayan la'asar ka zo masallacinmu," ya ce. "Ka faɗa yadda ka faɗa min. Kada ka rage."

Na ɗauko famfo zan sa masa iska, ya ce in bari. Ya tura keken haka nan a sace ya tafi.

Na je. Da aka sallame na miƙe, na roƙi liman ya ce a dakata. Ban iya magana a taro ba, karatuna bai yi nisa ba, don haka na faɗa musu kamar yadda zan koya wa mai koyon aiki. Na ce ga yadda ake sa taya, ga inda aka hana sa ƙarfe, ga inda na sa. Na faɗi maganar almakashi. Na faɗi abin da na ce wa marigayi. Mai unguwa yana sahun gaba, bai ɗago kai ba. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi, a kan taya?" Wani daga baya ya ce in ji tsoron Allah, na ce shi ya kawo ni. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya ba ni hannu da za a fita. Wurin Malam suka nufa, ɗaya bayan ɗaya, yana juya musu kunnen da ke ji.

Da sabon zango makarantar ta karɓe shi. Wasu daga cikin masu kawo min kekuna sun koma wurin wani, ban ga laifinsu ba. Malam yana nan a Sheshe, a mota yake zuwa aiki yanzu. Idan muka haɗu mukan gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi nasa. Maganar yafiyar da na roƙa bai ce komai a kai ba, ni ma ban sake tambaya ba.